Umarni uku, gwaje-gwaje arba'in: yadda wata ƙungiya ta auna umarnin da take bai wa wakilin AI

## Asalin matsalar

Ƙungiyar ƙarama ce, injiniyoyi shida ne ke kula da wata manhaja mai lissafin kuɗin masu rajistar wata-wata. Manhajar tana fitar da takardar biya, tana cire rangwame, tana sabunta rajista idan wa'adi ya cika. Da Python, wani harshen rubuta manhaja, aka rubuta ta, wani kayan aiki mai suna pytest kuma ke tafiyar da gwaje-gwajenta, wato ƙananan shirye-shiryen da ke duba ko manhajar tana aiki daidai, waɗanda suka haura dubu biyu. Mutum ɗaya ne ya rubuta galibinsu, kuma dalilin kowanne yana cikin kansa. Da ya koma wani aiki, sai ya bar wa sauran sunaye irin su `test_invoice_7` da `test_edge_case_b`, babu ko layi ɗaya na bayani.

Gwaje-gwajen suna aiki lafiya. Wahalar tana zuwa ne ranar da ɗaya ya faɗi. Wanda ya yi canjin ba shi da hanyar sanin ko ya ɓata wata ƙa'ida ce da aka kafa da gangan, ko kuwa gwajin ne ya tsufa. Sai ya zauna yana tonon tarihin kod, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, ko ya canja lambar da gwajin ke jira don ya wuce.

Aka yanke shawarar a ba wakilin AI aikin, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke iya buɗe fayiloli da kanta, ta karanta, ta tafiyar da umarni, ta yi gyara. Aikinsa shi ne rubuta ɗan bayani a saman kowane gwaji, a gurbin da Python ta tanada don haka. Umarnin kuwa aka sa shi a fayil ɗin AGENTS.md da ke tushen ma'ajiyar kod, wanda wakilin ke karantawa kafin ya fara aiki.

## Mako na 1 da na 2: umarni na farko

Jimla biyu ce kawai: wakili ya rubuta wa kowane gwaji bayani gajere mai sauƙin fahimta, ya kuma bi tsarin PEP 257, ƙa'idar da Python ke bi tun 2001 wajen rubuta irin wannan bayani. Cikin kwana biyu ya gama da manyan fayiloli huɗu. Masu dubawa suka karanta, suka ga rubutu mai tsabta, suka amince.

A mako na biyu wani sabon injiniya ya taɓa sashen da ke zagaye adadi zuwa lamba biyu bayan ɗigo. Akwai gwajin da ke jiran 10.125 ya koma 10.12. Bayanin da wakili ya rubuta masa ya ce gwajin yana tabbatar da cewa ana zagaye adadi daidai. Injiniyan ya sauya tsarin zuwa ROUND_HALF_UP, wanda ke kai rabi zuwa lambar sama, amsa ta koma 10.13, gwaji ya faɗi. Ya duba bayanin, bai ga abin da ya hana 10.13 ba, sai ya gyara lambar da ke cikin gwajin. Wata tsohuwar ma'aikaciya ce ta tare canjin a wajen dubawa. Ta san cewa 10.12 ba kuskure ba ne: tsarin ROUND_HALF_EVEN, wanda sashen decimal na Python ke bi idan ba a ce masa komai ba, yana kai rabi zuwa lamba mai rabuwa biyu, kuma ƙungiyar ta zaɓe shi ne don jimlar takardun biya ta dace da ta manhajar akanta da ake tura wa bayanai.

Da aka sake karanta fayilolin huɗu da wannan idon, sai aka ga iri biyu na lahani. Mafi yawa shi ne maimaici: wakili ya ɗauki layukan kod ya mayar da su jimla, "yana ƙirƙirar takardar biya, ya kira aikin lissafi, ya tabbatar da sakamako". Wannan bai ƙara wa mai karatu komai ba. Na biyu ya fi haɗari. A wasu wurare wakilin ya ƙago dalili. Ya rubuta cewa wani gwaji yana kare ƙa'idar haraji, alhali gwajin ba shi da alaƙa da haraji ko kusa. Salon rubutun iri ɗaya ne da na bayanan gaskiya, don haka babu mai iya bambancewa da ido.

## Mako na 3: umarni na biyu

Martanin farko shi ne a ƙara ƙa'idoji. Aka ɗauko tsarin rubuta bayanin gwaji irin na IEEE 829, wanda ISO/IEC/IEEE 29119-3 ta maye gurbinsa a 2013, aka mayar da shi gurabe takwas da dole a cike: lambar shaida, manufa, sharuɗɗan farko, abin da aka shigar, matakai, sakamakon da ake jira, abin da gwajin ya dogara da shi, da ƙarin bayani. Umarnin ya kai shafi uku.

Gwaji mai layi huɗu ya samu bayani mai layi ashirin. Guraben da ba su da abin cikawa sun cika da "babu", ko kuma da ƙage, domin umarnin ya ce kada a bar gurbi fanko. A gwaje-gwajen da ke amfani da `parametrize`, inda gwaji ɗaya ke gudana da jerin lambobi daban-daban, wakili ya kwafe dukkan lambobin cikin bayani. Kafin mako ya ƙare an ƙara layi biyu a wani jeri, bayanin ya zama ƙarya.

Umarnin kuma yana karo da kansa. Shafin farko ya ce a taƙaita, na biyu ya ce a cike komai. A wani fayil wakili ya bi na farko, a wani ya bi na biyu. Sannan a wurare uku ya wuce gona da iri: ya sauya sunan gwaji, a ɗaya ma ya gyara layin `assert`, wato layin da ke duba ko sakamako ya yi daidai da abin da ake jira, saboda yana ganin kuskure ne. Babu inda umarnin ya hana shi.

A nan aka dakatar da aikin, aka janye bayanan da aka riga aka shigar.

## Mako na 4: gina abin awo

Har zuwa wannan lokaci hukunci ɗaya ake yi, wato ko bayanin yana da daɗin karantawa. Ƙungiyar ta ware mako guda ba ta taɓa umarnin ba, ta zauna gina hanyar da za ta nuna ko wani umarni ya fi wani.

An zaɓi gwaje-gwaje 40, kuma ba da ka aka zaɓe su ba: 10 masu sauƙi, 10 masu `parametrize`, 8 masu amfani da abin bogi a madadin sabis na waje, 6 da aka yi wa alamar `xfail` (ana sa ran zai faɗi) ko `skip` (a tsallake shi), da 6 da aka rubuta bayan an gano wani kuskure a manhajar da ke hannun masu amfani. Injiniyoyi biyu da suka fi daɗewa suka rubuta wa kowanne amsar gaskiya a jimla ɗaya ko biyu, suka ajiye ta a wajen ma'ajiyar kod don kada wakili ya gani. A gwaje-gwaje biyar su ma ba su san dalili ba, kuma haka suka rubuta.

An dasa tarko huɗu a cikin arba'in ɗin. Akwai gwajin da sunansa ke cewa yana duba rangwame amma `assert` ɗinsa na duba ranar sabuntawa. Akwai wanda ba shi da `assert` sam, don haka ba zai faɗi ba sai kod ya fashe. Akwai mai tsohon sharhi da ya saɓa wa abin da kod ke yi yanzu. Na huɗu kwafin wani gwaji ne da ke wani fayil. Abin da ake son gani shi ne ko wakili zai faɗi abin da ya tarar, ko zai lulluɓe shi da jimla mai santsi.

Awon kansa da mutane aka yi shi. Mai karatu, wanda bai taɓa aiki a wannan sashe ba, yana ganin sunan gwaji da bayaninsa kawai, an rufe masa kod. Sai ya amsa tambayoyi uku. Wace ƙa'ida gwajin ke karewa? Idan ya faɗi gobe, me ya lalace? Lambar da yake jira, da gangan aka zaɓe ta, ko kowace lamba ma za ta yi? Ana gwama amsarsa da ta tsofaffin injiniyoyin. Ban da wannan, kowace da'awa da ke cikin bayani ana neman tushenta a kod, ko tarihin git, manhajar da ke adana kowane canjin da aka yi wa kod, ko tikitin aiki, inda ake rubuta matsala ko aikin da za a yi. Wadda ba ta da tushe ana ƙirga ta a matsayin ƙage, kuma ƙage ɗaya yana kayar da bayanin gaba ɗaya komai kyansa.

Tambaya ta biyu ta samu taimakon na'ura. An tafiyar da wani kayan aiki mai suna mutmut a kan sassan da gwaje-gwajen ke taɓawa. Aikinsa shi ne ya yi wa kod ƙaramar ɓarna da gangan, ya mayar da alamar "ya fi" zuwa "ya fi ko ya yi daidai", ko tarawa zuwa ragewa, sannan a ga wane gwaji ya faɗi. Idan bayani ya ce gwaji yana kare iyakar kwana 30, aka ɓata wannan iyakar gwajin bai motsa ba, to bayanin ya yi alkawarin da gwajin bai cika ba.

Akwai kuma binciken da ba ya buƙatar mutum. Ana karanta kowane fayil da sashen `ast` na Python, mai fitar da tsarin ginin kod, kafin aikin wakili da bayansa, a cire bayanan, a gwama abin da ya rage. Bambanci ko na harafi ɗaya yana nufin wakili ya taɓa kod. Ana kuma tafiyar da `pytest --collect-only -q` sau biyu don a tabbatar sunaye da adadin gwaje-gwaje ba su canja ba.

Kowane umarni ana gwada shi sau uku, a kan sigar kod guda da samfurin AI guda, wato ƙwaƙwalwar da wakilin ke aiki da ita, kowane karo a sabon zama. Dalili shi ne amsar irin waɗannan manhajoji tana bambanta daga zama zuwa zama, kuma gudu ɗaya yana iya yaudara ta kowane ɓangare.

Abu ɗaya aka gwada bai yi ba. Don rage wa mutane aiki, an sa wani samfurin AI ya yi alƙalanci. Ya riƙa ba dogayen bayanan umarni na biyu maki mafi yawa, har da masu ƙage. Wannan son dogon rubutu sananne ne ga alƙalan AI, masu bincike sun nuna shi tun 2023. An bar masa aikin duba tsayi da tsari kawai. Su ma masu ba da maki biyu sun saɓa da juna sosai a zagayen farko, musamman kan amsar da ta yi rabin daidai. Sai da suka zauna suka daidaita ma'anar "daidai" da misalai, suka mayar da makin zuwa i ko a'a, sannan kappa ta Cohen, ma'aunin yarjejeniyar masu ba da maki da Jacob Cohen ya gabatar a 1960, ta hau matakin da suka yarda da shi.

Da aka auna tsofaffin umarnin biyu, na farko bai kai masu karatu ga amsar gaskiya ba a fiye da rabin gwaje-gwajen. Na biyu ya ɗan fi shi a tambaya ta farko, amma ya fi shi yawan ƙage. Dukkansu sun rubuta dalili ga gwaje-gwaje biyar ɗin da babu wanda ya san dalilinsu, kuma babu wanda ya ambaci gwajin da ba shi da `assert`.

## Mako na 5 da na 6: umarni na uku

An koma ga gajeren umarni, ana ƙara abu ɗaya a lokaci guda, a auna, sannan a ƙara na gaba.

Ƙari na farko ya faɗi wanda zai karanta: injiniyan da bai san sashen ba, wanda gwaji ya faɗi a hannunsa, yana son ya san ko kod zai gyara ko gwajin. Wannan jimla kaɗai ta rage maimaici sosai. Na biyu ya tsara bayanin a jimla uku ko ƙasa da haka: ƙa'idar da ake karewa, dalilin zaɓar waɗannan lambobin, da abin da faɗuwar gwajin ke nufi. An hana lissafa matakan kod, an kuma faɗi dalilin hanin, cewa mai karatu yana ganin matakan a ƙasa da idonsa. An lura cewa hanin da aka haɗa da dalilinsa ya fi ɗorewa a fayilolin da ba su yi kama da misalai ba.

Ƙari na uku ne ya fi canja sakamako. An umarci wakili ya nemi dalili kafin ya rubuta: ya tafiyar da `git blame`, mai nuna canjin ƙarshe da ya taɓa kowane layi, a kan layukan gwajin, ya karanta saƙon canjin da ya kawo su da `git log`, ya buɗe tikitin da aka ambata in akwai. Idan ya samu, ya sa lambar canjin ko ta tikitin a ƙarshen bayani. Idan bai samu ba, ya rubuta abin da gwajin ke dubawa kawai, ya bi shi da wata alama tsayayya da ke nufin ba a gano dalili ba. Umarnin ya faɗa ƙarara cewa wannan alama amsa ce karɓaɓɓiya, kuma ta fi dalilin da aka ƙaga. Idan ya ga suna ya saɓa wa `assert`, ko gwaji ba ya duba komai, kada ya gyara, ya rubuta shi a wani fayil na rahoto dabam.

Bayanin gwajin zagaye adadi ya koma haka: rabi yana komawa lamba mai rabuwa biyu, shi ya sa 10.125 ke zama 10.12, an zaɓi wannan ne don jimla ta dace da ta manhajar akanta, idan ya faɗi, an canja tsarin zagayewa, kuma takardun biya za su saɓa wa littafin akanta. Haka ma wani gwaji da ke tsayar da agogo a 29 ga Fabrairu 2024 yana jiran sabuntawa a 28 ga Fabrairu 2025. Wakili ya gano a tarihin git cewa an rubuta shi ne bayan rajistar wasu ta ƙi sabuntuwa saboda babu 29 ga Fabrairu a shekarar da ta biyo.

Misalai sun kawo nasu cikas. Da aka sa misalai biyu masu kyau, duka daga sashen takardun biya, sai bayanan sashen shiga asusu suka fara aron kalmominsu. An canja su zuwa misalai uku daga sassa daban-daban masu tsayi daban-daban, da misali ɗaya mara kyau tare da bayanin laifinsa. An kuma gwada tsarin Given-When-Then da ya fito daga aikin Dan North a kan BDD, salon gina manhaja bisa bayanin halin da ake so ta nuna. Tsarin yana faɗin halin da ake ciki, abin da aka yi, da abin da ya kamata ya biyo baya. Ya dace da gwaje-gwajen da ke haɗa sassa da yawa, amma a ƙananan gwaje-gwaje ya dawo da maimaicin matakai. An bar shi ga na farkon kawai.

A ƙarshe an ɗauke umarnin daga tushen ma'ajiya aka mayar da shi wani AGENTS.md a cikin babban fayil ɗin gwaje-gwaje, don kada ya gauraya da ƙa'idojin da suka shafi sauran kod. Tsayinsa bai kai shafi ɗaya ba.

A kan arba'in ɗin, masu karatu sun amsa tambayoyi ukun daidai a mafi yawan gwaje-gwaje, a dukkan gudu uku. Biyar ɗin da ba a san dalilinsu ba sun samu alamarsu. Tarko uku sun shiga rahoto kowane karo. Kwafin da ke wani fayil ne bai shiga ba, domin wakili fayil ɗaya yake kallo a lokaci guda.

Tunda da waɗannan arba'in aka gyara umarnin, an ɗauko wasu 20 da ba a taɓa amfani da su ba. Sakamako ya ɗan sauka, kuma kusan duk faɗuwar a gwaje-gwajen abin bogi take. Wakili yana rubuta cewa gwaji yana tabbatar da an karɓi kuɗi, alhali abin da yake tabbatarwa shi ne manhajar ta aika buƙata daidai ga sabis na bogi. An ƙara layi ɗaya da ke cewa a faɗi abin da aka maye da bogi da abin da gwajin bai tabbatar ba saboda haka.

## Mako na 7 zuwa na 10: shimfiɗa aikin

An bi sauran gwaje-gwajen rukuni-rukuni, kowane rukuni bai wuce 40 ba, domin an ga masu dubawa suna daina karatu da natsuwa idan canji ya fi haka. Binciken `ast` ya zama sharaɗi na atomatik kafin a haɗa kowane canji. Mai dubawa yana buɗe tushen bayanai biyar a kowane rukuni ya tabbatar da su. Idan ya samu ƙage ɗaya, rukunin gaba ɗaya ya koma.

Jerin waɗanda ba a gano dalilinsu ba ya zama aikin kansa. Wasu suna gwada fasalin da aka cire tuni. Wasu masu alamar `xfail` sun daɗe suna wucewa babu wanda ya lura, domin ba a kunna musu `strict` ba, zaɓin da ke kayar da irin wannan gwaji idan ya wuce. Ɗaya ya bankaɗo kuskure na gaske a lissafin rangwame, inda gwajin ke jiran amsar da ba daidai ba tun ranar da aka rubuta shi.

A mako na tara aka sabunta samfurin AI ɗin. An sake tafiyar da gwaje-gwaje 60 ɗin kafin a ci gaba. Sabon samfurin ya fi son dogon rubutu, don haka aka mayar da iyakar jimla uku zuwa abin da na'ura ke dubawa.

## Hukunci

Umarni na farko ya faɗi ne domin ya nemi abin da ba ya aunuwa. Wakili ya cika shi, kuma masu dubawa ba su da tambayar da za ta kayar da shi. Na biyu ya ɗauka ƙarancin tsari ne matsalar, alhali ƙarancin bayani ne. Dalilin gwaji sau da yawa ba ya cikin fayil ɗin gwajin, kuma gurbin da aka tilasta cikawa ba tare da tushe ba yana haifar da ƙage. Na uku ya yi aiki saboda ya nuna wa wakili inda dalili yake, ya kuma ba shi hanyar cewa bai samu ba.

Cikin dukkan abin da aka yi, rufe kod a gaban mai karatu shi ne ya fi amfani. Mai dubawa da ke ganin kod yana cike giɓin bayani da abin da idonsa ya gani, bai ma san ya yi ba. Makon da aka kashe wajen gina abin awo ya ci lokacin injiniyoyi biyu mafi ƙwarewa, kuma ƙungiyar da ba ta da irinsu, ko tarihin git ɗinta cike yake da saƙonni irin "gyara", ba za ta samu wannan sakamako ba. Wakilin zai dawo mata da dogon jerin dalilan da ba a gano ba.

Abu biyu sun rage. Kwafin gwaje-gwaje tsakanin fayiloli yana buƙatar wani bincike dabam da umarnin rubuta bayani ba zai iya ɗauka ba. Sannan babu abin da ke tilasta sabunta bayani idan an canja gwaji. A yanzu akwai gargaɗi na atomatik da ke fitowa idan layin `assert` ya canja bayanin samansa bai canja ba, amma ba ya kama canjin da aka yi a cikin `fixture`, wato kod ɗin share fage da gwaje-gwaje da yawa ke amfani da shi tare.